Kundin aiki: lissafin tsokar polipirol mai motsi da jin zafi

9 ga Disamba, 2024

An buɗe wannan kundi domin aikin da ake yi a ɗakin gwajinmu a nan Katsina. Abin da ake nema shi ne samfurin lissafi na tsokar ƙirƙira da aka yi da polipirol, wato roba mai ɗaukar lantarki, wadda ke lanƙwasa idan an ba ta wuta, sannan ta wayoyi biyun da aka ba ta wutar ta faɗa mana zafin ruwan da take ciki. Babu waya ta uku, kuma ba a manna mata wani ma'aunin zafi ba.

Irin waɗannan robobi sun fito fili a 1977 da aikin Shirakawa da MacDiarmid da Heeger a kan poliasetilin, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. A 1992 Toribio Otero na ƙasar Sifaniya ya nuna fallen polipirol da aka manna wa salatif yana lanƙwasa da wuta. A 2012 shi da abokan aikinsa na jami'ar fasaha ta Kartahena suka fitar da lissafin yadda irin wannan tsoka ke jin zafi idan kwararar lantarki tsayayya ce. A kan wannan muka ɗora.

Yadda take motsi: idan aka zare elektron daga sarƙar polipirol, sarƙar ta ɗauki cajin fositif, sai ayon na gishirin da ke cikin ruwa su kutsa cikin fallen tare da ruwa don daidaita cajin, fallen ya kumbura. In aka mayar da elektron, ayon su fice, ya tsuke. Mun zaɓi tsari mai hawa uku: falle, salatif mai manne fuska biyu, falle. Ɗaya na kumbura ɗayan na tsukewa, sai tsokar ta karkata. Dalilin zaɓin biyu ne. Tsari mai hawa biyu yana lanƙwasa da zafi ko ba a ba shi wuta ba, domin roba da salatif ba sa buɗewa daidai, abin da Timoshenko ya lissafa tun 1925 a kan ƙarafa biyu da aka haɗe. Sannan yana buƙatar elektrod na ma'auni da aka yi da azurfa, Ag/AgCl, wanda shi kansa boltejinsa ke gusawa da kusan 0.7 mV a kowane digiri.

16 ga Disamba

Girman tsokar da za a lissafa: tsawo 2 cm, faɗi 1 cm, kaurin kowane falle 15 µm. Girman jikin falle ɗaya ya zama 0.003 cm³. In aka ɗauki nauyin jiki 1.5 g/cm³, falle ɗaya 4.5 mg ne. Kowane zoben pirol, wato tubalin sarƙar polipirol, tare da rabonsa na faklorat, wato ayon ɗin gishirin da muke amfani da shi, ayon ɗaya ga zobe huɗu, yana kai kusan 90 g/mol, saboda haka akwai mol 0.00005 na zobe, kuma kashi ɗaya cikin huɗunsu ne ke iya ba da elektron. A ninka da lambar Faraday, 96485, wato cajin mol ɗaya na elektron, a samu kusan 1.2 C (kulom, ma'aunin caji). Wannan shi ne duk cajin da falle ke iya ɗauka. A kwararar 5 mA zai ƙare cikin minti huɗu.

Ba za mu kai shi bango ba. Kowane motsi 0.3 C ne, wato 5 mA na daƙiƙa 60, kuma fallayen biyu za su fara daga tsakiya.

Kusurwar lanƙwasa tana bin caji kai tsaye, saurinta kuma yana bin kwarara. Zafi ba ya cikin wannan alaƙa, kuma a nan gaba ɗayan dabarar take: in caji ɗaya ne, motsi ɗaya ne, ko cikin hunturu ko cikin bazara. Abin da ke canjawa shi ne boltejin da tsokar ke nema kafin ta yi wannan motsi. Don kusurwar 90°, da salatif mai kaurin 100 µm, lissafi ya nuna kowane falle miƙewar kashi 0.45 cikin ɗari kawai yake buƙata, abin da bai fi ƙarfin polipirol ba.

28 ga Disamba

An rubuta tushen lissafin a Python. Saurin haɗuwar sinadaran ba zaɓin tsoka ba ne, kwarara ce ke tilasta shi: r = i/FV, inda r sauri ne, i kwarara, F lambar Faraday, V girman jikin falle. Da lambobinmu ya zama mol 0.017 a kowace lita cikin daƙiƙa. A ɗaya ɓangaren, saurin yana daidai da k, lambar saurin haɗuwa, a ninka da gurabun ba da elektron da suka rage a sarƙa, a ninka da kaurin gishiri. Ita k ta dogara da bolteji bisa dokar Butler-Volmer, ta kuma dogara da zafi bisa dokar Arrhenius. In aka juya lissafin don fitar da bolteji:

E = E₀ + iZ + (RT/(1−α)F) × [ln(i/FV) − ln k₀ − a·ln(C₀ − it/FV) − b·ln c]

E bolteji ne, E₀ tushensa, T zafi a kelbin, t lokaci, R lambar gas, k₀ ɓangaren k da bai dogara da bolteji ba, ln logaritim. Z turjiyar ruwa da falle da mahaɗai ce, C₀ gurabun farko, c kaurin gishiri. An sa α = 0.5, a = 1, b = 1 a matsayin ƙimar farawa. Da haka abin ninkawar da ke gaban baka ya zama 51 mV a 25 °C.

A lissafin Otero sarƙa tana sakin elektron ɗaya bayan ɗaya, kowanne da boltejinsa, sai zanen ya fito kamar matakala. Mun gwada da sarƙa mai tsawo ɗaya, matakalar ta fito sarai. Da aka cakuɗa sarƙoƙi masu tsawo daban-daban, kamar yadda suke a falle na gaske, matakan suka narke suka zama hawa mai santsi.

6 ga Janairu, 2025

Kurakurai uku aka kama a wannan makon.

Na farko, idan lokaci ya wuce inda gurabu ke ƙarewa, abin da ke cikin ln ya koma ƙasa da sifili, kwamfuta ta daina ba da lamba. An sa sharaɗin tsayawa idan saura kashi 5 cikin ɗari.

Na biyu ya fi haɗari domin ba ya nuna kansa. An shigar da V a cm³ alhali C₀ yana mol a lita. Bambancin ninki 1000 ne, wanda a cikin ln ya zama 6.9, ya sauke bolteji da kusan 355 mV. Amma da yake k₀ lamba ce da ake daidaitawa, sai ta haɗiye kuskuren, zanen ya fito lafiya lau. An gano shi ne da aka lissafa layi ɗaya da hannu. Yanzu komai yana cikin mita, mol, daƙiƙa da kelbin, ana juya shi ne kawai wurin bugawa.

Na uku ba kuskuren rubutu ba ne. Tsakanin 15 °C da 40 °C tazarar kelbin ƙanƙanuwa ce, 288 zuwa 313, saboda haka makamashin tada aiki, Ea, da lambar da ke gaban Arrhenius suna tafiya tare: in ɗaya ta hau ɗayar ta bi ta, sakamako bai canja ba, mai daidaitawa ya yi ta yawo bai tsaya ba. Maganinsa a rubuta k₀ dangane da ƙimarta a 298.15 K, a bar Ea ta riƙe bambancin 1/T kaɗai. Bayan wannan ya tsaya cikin zagaye kaɗan.

18 ga Janairu

Yau aka ga abin da ya sa lissafin ke da kyau. Mai jin sunan Arrhenius zai zaci zanen bolteji da zafi zai lanƙwashe. A'a. Idan aka sa Arrhenius a cikin ln, T ɗin da ke ƙasa ta kashe T ɗin da ke gaban baka, sai a samu lamba tsayayya, Ea/(1−α)F, da wani sashe mai tafiya kai tsaye da T. Miƙaƙƙen layi ne. Ma'auni mai miƙaƙƙen layi kuwa maki biyu sun isa a saita shi.

Gangarar layin ita ce rarar boltejin da aiki ke ci, a debe waccan lamba tsayayya, a raba da T. An ɗauki rarar 0.20 V a 25 °C, aka gwada ƙimar Ea uku. Da 20 kJ/mol gangara −0.7 mV ce a digiri. Da 30 ta zama −1.4. Da 40 ta kai −2.1. Za mu riƙe 30 har sai ma'aunin benci ya ba da tasa. Da wannan ƙima k₀ tana ninka kanta sau 2.7 daga 15 °C zuwa 40 °C, amma a bolteji duk wannan 35 mV ne kacal ga falle ɗaya, kusan 70 mV ga biyun.

Wannan tazara ta 15 zuwa 40 ba da ka aka zaɓe ta ba. Ita ce tsakanin sanyin asubar hunturu da ranar watan Afrilu a garin nan, wato duk abin da za a ƙera don amfani a nan a cikinta zai rayu.

Maimakon karanta bolteji a lokaci guda, ya fi a tara makamashin da aka ci a duk motsin, U = i × jimlar E·dt. Tarawa tana kashe hayaniyar ma'auni. Da matsakaicin 0.6 V da caji 0.3 C, U kusan 180 mJ ce, kuma ɓangaren sinadarai na fallayen biyu yana rage ta da kusan 0.85 mJ a kowane digiri. An duba ko tsokar na ɗumama ruwan da kanta: 180 mJ a cikin ruwa 200 mL bai kai kashi ɗaya cikin dubu na digiri ba. An cire wannan daga lissafi.

27 ga Janairu

Mun bar Z a tsaye, kuma wannan kuskure ne babba. Ruwan gishiri yana ƙara saurin ɗaukar lantarki da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri, domin ruwa yana tsinkewa da zafi: danƙonsa 1.14 mPa·s ne a 15 °C, 0.89 a 25 °C, 0.65 a 40 °C, ayon kuwa suna samun sauƙin tafiya.

A ɗauki Z = 40 Ω a 25 °C, mafi yawanta ta ruwa. A 5 mA, iZ 200 mV ce. A 15 °C ta hau 250 mV, a 40 °C ta sauko 154 mV. Bambanci 96 mV, ya zarce na sinadarai. Gefe ɗaya suke tafiya, duka suna sauka da zafi, saboda haka wanda ya auna kawai zai ga layi mai kyau ya ce tsoka ce ke jin zafi, alhali fiye da rabin alamar daga ruwan take. In ya fitar da Ea daga wannan gangara zai samu lamba mai kumburi.

A ganinmu wannan bai rage wa tsokar daraja a matsayin ma'auni ba, amma dole samfurin ya raba su, domin rabon ruwa yana canjawa da kwarara da siffar mazubi, na sinadarai kuwa na fallen ne. A 1 mA rabon ruwa yana faɗowa zuwa 0.8 mV a digiri, sai dai motsin ya koma minti biyar. Za a yi gwaji a 1, 2 da 5 mA.

8 ga Fabrairu

An fara yin fallaye. Ruwan haɗi 100 mL: asetonitiril mai ruwa kashi 2 cikin ɗari, pirol 0.2 M (mol a lita) wato 1.39 mL, litiyam faklorat 0.1 M wato 1.06 g. Pirol ɗin da ya yi ja ko baƙi ya riga ya sha iska, sai an tace shi da tururi har ya fito fari, a adana a firji cikin kwalba mai duhu. Farantin bakin ƙarfe 316 a tsakiya, wasu biyu a gefe da gefe da tazara ɗaya, don fuskokin biyu su haifi tagwayen fallaye. Ana ba da +0.87 V na daƙiƙa 8, a koma −0.3 V na daƙiƙa 2, a yi ta maimaitawa. Kowane zobe yana cin elektron kusan 2.25, wanda a lissafinmu ya zama 0.36 C a kan cm² ga kowane µm. Don 15 µm ana tsayawa a 5.4 C a kan cm².

Asetonitiril guba ne kuma yana kama wuta, ba a buɗe shi sai a inda ake zuƙe iska. Faklorat kada a bar shi ya bushe a jikin takarda ko tsumma, kuma kada ya kusanci wuta.

Zubin farko ya lalace, an ɗauke wuta a tsakiyar aiki, lissafin caji ya ɓace. An mayar da na'urar kan inbata. Na biyu ya fito, amma gefuna sun fi tsakiya kauri domin kwarara tana taruwa a bakin faranti. Ana kankare gefen da reza a yar, shi ne ma ke ba da damar ɓare fallen. A auna nauyin kowane falle bayan ya bushe, a sa nauyin a lissafi, kada a dogara da 4.5 mg na takarda.

15 ga Fabrairu

Tsoka ta farko ta motsa, hagu da dama yadda aka juya wuta. Amma tana gusawa gefe ɗaya zagaye bayan zagaye. Ruwa ne ya bi jikin falle ya hau har ya taɓa maƙalin ƙarfe, wani ɓangaren caji ya tafi wajen fasa ruwa a jikin ƙarfen. An ja layin jan farce mai faɗin 3 mm a ƙasan maƙalin, fuska biyu, gusawar ta ragu sosai.

24 ga Fabrairu

Wurin saita zafi: kular ruwa ta lita goma, bika mai 200 mL na litiyam faklorat 0.1 M a ruwa a tsakiyarta. Ƙanƙara don saukarwa, ruwan filas don ɗagawa. Ma'aunin zafi DS18B20, mai kuskuren rabin digiri, yana cikin bikar daf da tsoka, ba cikin kula ba, domin ruwan bika yana jinkiri wajen kamo na waje. A jira minti goma bayan lamba ta tsaya. A kashe abin motsa ruwa kafin a ba da wuta, in ba haka ba yana kaɗa tsokar.

Ana karanta bolteji da ADS1115, na'urar mayar da bolteji lamba, a kan ƙaramar kwamfutar Arduino. A zangon ±2.048 V kowane mataki 62.5 µV ne, ya wadatar ga alamar milibolt. An sa wuta ta yanke da kanta idan bolteji tsakanin fallayen ya kai 1.2 V. Polipirol da aka matsa wa fiye da kima a cikin ruwa yana lalacewa ba dawowa, turjiyarsa ta hau, duk saitin da aka yi a baya ya tashi a banza.

Zagayen farko a maki shida, daga 15 zuwa 40 °C, ya tabbatar da alkibla: kusurwa ba ta damu da zafi ba, bolteji da U suna sauka.

10 ga Maris

Azumi ya sa an mayar da awo zuwa safiya. An sake awon 25 °C da ruwan da ya yi kwanaki a buɗe, sai tsokar ta nuna kamar an ƙara zafi, DS18B20 kuwa bai motsa ba. Busasshiyar iskar wannan lokaci ta sha ruwan bika, gishiri ya yi kauri.

Samfurin ya bayyana abin da kansa. In kaurin gishiri ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, iZ ta sauka daga 200 zuwa kusan 182 mV, sashen b·ln c ya ƙara rage wasu 5 mV. Jimlar gangarar zafi a 5 mA kusan 6.8 mV ce a digiri, saboda haka wannan ya yi kama da ɗumamar digiri uku. An yi wa bika murfi mai ƙaramar kafa, an ja layi a jikinta, ana cikawa da tataccen ruwa kafin kowane awo.

22 ga Maris

Murfi maganin ɗakin gwaji ne. Tsokar da za ta yi aiki a waje sai ta iya bambance zafi da gishiri da kanta. Hanyar da muke bi: a lokacin da aka kunna kwarara, bolteji yana yin tsalle nan take da girman iZ, kafin sinadarai su fara. ADS1115 yana iya karatu 860 a daƙiƙa, wato kusan 1.2 ms tsakanin karatu, saboda haka karatun farko bayan kunnawa yana ba da Z da ɗan ƙari. A debe iZ daga sauran zanen, abin da ya rage na sinadarai ne. Ma'auni biyu ke nan, abubuwan nema biyu.

Amma sai layukan biyu sun gitta juna sosai kafin a warware su. A wajen Z, digiri ɗaya daidai yake da ƙarin gishiri kashi 2 cikin ɗari. A wajen sinadarai na falle ɗaya, digiri ɗaya daidai yake da kashi 2.8. Kusan a jere suke tafiya, kuskuren milibolt ɗaya sai ya zama digiri da yawa. A tsari mai hawa uku lamarin ya gyaru: zafi yana taimakon fallayen biyu, kaurin gishirin ruwa kuwa a wannan lissafi fallen da ke shan ayon kaɗai yake shafa, sai adadin ya koma kashi 5.5. Wannan dalili ne na uku na zaɓin hawa uku, wanda ba mu hango ba a Disamba. Komai ya rataya a kan ainihin ƙimar b, don haka an shirya ruwa 0.05, 0.1 da 0.2 M don auna ta a 25 °C.

7 ga Afrilu

An dawo bayan hutun salla, tsokar ta yi mako biyu a ajiye. Zagayen farko ya nemi bolteji sama da yadda aka saba, sai a hankali ya dawo. Fallen da ya daɗe a tsuke sarƙoƙinsa suna cunkushewa, ayon ba sa samun hanya sai an kashe ƙarin makamashi wajen buɗe ta. Otero ya daɗe da bayyana wannan. Samfurinmu ba shi da wannan sashe, saboda haka doka: zagaye goma na ɗumi kafin kowane awo, a zubar da su, kuma a ajiye tsoka tana miƙe, fallayen biyu a tsakiya.

An kuma gwada shigar da kaya. Ɗaga 50 mg zuwa 1 cm aikin 4.9 µJ ne. A raba da 0.3 C, 16 µV, ƙasa da mataki ɗaya na ma'auninmu. Amma gwaje-gwajen rukunin Kartahena sun nuna makamashin da tsoka ke ci yana hawa a fili idan an rataya mata kaya. Ke nan kaya ba ta hanyar aikin ɗagawa kaɗai yake shiga ba, yana ƙara wa sarƙoƙi wahalar buɗewa, wato wurinsa a cikin k₀ yake. An ƙara masa sashe a can, da lambar da za a daidaita daga awo.

19 ga Afrilu

Zafin ɗaki ya wuce 35 °C da rana, riƙe 15 °C a kula yana cin ƙanƙara da yawa kuma ba ya daɗewa. Makin ƙasa an mayar da su bayan asuba, na sama da rana. A 40 °C mannen salatif ya yi laushi, gefe ɗaya na falle ya ɗago. Alamarsa ita ce kusurwar da ake samu a kan 0.3 C ta ragu alhali bolteji bai canja ba. An sa wannan a matsayin gwajin lafiyar tsoka: in kusurwa ta kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari, a jefar da awon.

An yi sababbin tsokoki uku daga zubi ɗaya, an danne kowace tsakanin gilasai biyu na awa 24 kafin a sa ta a ruwa. Ta farko za ta yi jerin kaurin gishiri, ta biyu jerin zafi a kwarara uku, ta uku kaya 0, 25 da 50 mg a 25 °C.